Bindigogin Katako a Shekarar Takunkumi

Ku matso daga bakin titi kada ɗan acaɓa ya kwashe muku ƙafafu. Tun ɗazu ina jin ku kuna dariya, wai wannan ma sana'a ce, mutum ya yanko katako ya shafa masa baƙin fenti ya ce bindiga ya yi. To, ni Garba kafinta, a wannan rumfa ta Tudun Wada na yi furfura ina wannan abin da kuka raina. Saboda shi aka taɓa zaunar da ni a kan benci ana kirana dillalin makamai na ƙasa da ƙasa. Ku samu wuri ku zauna.

Bindigar da na fara sassaƙawa, a shagon maigidana Baba Istifanus na yi ta. Mutumin Wusasa ne, dogo, mai tsadar magana. Shi ke yi wa coci-coci bencina, in lokacin fareti ya zo kuma ya yi wa 'yan makaranta bindigogin maci. Mahaifina ya kai ni wurinsa ya ce ga amana, in na yi wasa a ja min kunne. Na daɗe ba abin da nake yi sai sharar garin katako da miƙe tsofaffin ƙusoshi, kafin ran nan ya miƙo min wani guntun katako ya ce in fitar masa da bindiga. Na yi ta fama da shi har hannuna ya yi kanta. Da na gama na kai masa, ya juya ta nan, ya juya ta can, sai ya ƙwala wa matarsa Mama Saratu kira. Ta karɓa ta yi min godiya, ta ce dama muciyarta ta karye. Har na bar shagon nan da bindigata ake tuƙa tuwo a gidan, kuma duk ranar da na zauna cin abinci sai ta ce in ƙara, ai da makamina aka yi.

Daga nan ya fara koya min aikin da gaske. Katako shi ne farko. Kirya ta yi tauri, kafin ka fitar da bindiga ɗaya zartonka ya zama gwauron haƙori. Rimi kuma ya yi laushi, yaro na faɗuwa da ita ta rabe biyu, uwarsa ta zo maka da mayafi a ɗamara. Malaina ita ce daidai: ba nauyi, tana karɓar fenti, ba ta yi wa kurfin sassaƙa gardama. Da gizago ake fitar da siffa, da magagari ake gyara gindi inda zai zauna a kafaɗa, sannan samfefa har sai ka shafa a kumatunka ba ka ji komai ba. Hancin bindiga da bututun tsohuwar lema muke yi, igiyar ratayawa kuma daga tsohuwar jakar makaranta. Kunamar ma sai ka yi ta yadda za ta motsa, don ba yaron da zai karɓi bindigar da yatsarsa ba ta da aikin yi a jikinta.

Baba Istifanus yana da doka ɗaya da ba ya sassautawa. Ya ce bindigar kirki tana yi wa na nesa ƙarya, ta faɗa wa na kusa gaskiya. Shi ya sa kowace bindiga sai an shafa wa bakinta jan fenti. Wanda ya zo ya ce a yi masa marar jan baki, Baba ba ya faɗa da shi, sai dai ya tambaye shi sunan mai unguwarsu. Yawanci daga nan cinikin ke mutuwa.

Da na buɗe tawa rumfar, 'yan wasan kwaikwayo na jami'ar da ke Kongo, nan Zariya, su ne manyan masu sayena. Akwai wata da suka sa ni yi, wadda jarumin wasan zai ƙwace daga hannun mugu ya karya a gwiwarsa. Na yanka ta rabi daga ciki, na liƙa da gam kaɗan, na rufe da fenti. Ranar wasa aka yi zafi, ɗakin ya cika maƙil, gam ya saki. Mugu yana tsakiyar cika baki, yana cewa yau sai ya ga bayan kowa, sai hancin bindigar ya fara sunkuyawa a hankali kamar mai jin kunyar surukai, har ya kalli ƙasa. Mugun bai lura ba, ya ci gaba da barazana. Washegari na zauna ina jiran a zo a zage ni, sai ga malaminsu ya zo da kansa yana tambaya ko zan iya yin wata mai sunkuyawa a daidai wannan wurin.

Akwai kuma wani mai gonar masara da ya sayi doguwa ya rataya wa mutum-mutumin gonarsa. Bayan kwana biyu ya dawo yana huci, wai tsuntsaye sun mai da hancin bindigar wurin hutawa, daga nan suke zaɓar masarar da ta fi nuna. Na ce masa ni bindiga na sayar masa, ban sayar masa da soja ba.

Kalmar takunkumi kuwa, a kan yaran wani layi da muke kira Layin Famfo na fara saninta. Wata Sallah sun sayi bindigogina da yawa, sai suka ja igiya a bakin layin suka kafa shinge. Duk yarinyar da aka aika sai ta ajiye alewa ko ƙuli-ƙuli kafin ta wuce. Abin bai tsaya nan ba, suka kama akuyar wata dattijuwa, Hajiya Ladi, suka tsare ta a kango wai ta ƙi tsayawa a bincike ta. Iyaye mata suka taru a rumfata kamar ni na haifi yaran. Nan take na yi shela cewa daga yau ba ɗan Layin Famfo da zai ƙara sayen ko kunamar bindiga a wurina. Malam Audu mai shayi, maƙwabcina da ba ya rabuwa da rediyo, ya ce abin da na yi shi manyan ƙasashe ke kira takunkumi, haka suke hana sayar da makamai ga gwamnatin da ke cin zalin mutanenta. Na ji kaina ya yi girma.

Bai daɗe yana girman ba. Kwatsam sai yaran layin da ke bayansu suka kamu da son bindiga, kowa ya zo sai ya sayi biyu, ashe ta katanga suke miƙa wa 'yan Layin Famfo da riba. Shingen ya ƙara ƙarfi, har da mataimakin kwamanda. Ana cikin haka sai ga Rifkatu, wata 'yar layin da ke karatun lauya a Kongo, ta zo min da ƙaninta yana kuka da majina. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce Baba wannan yaron bai taɓa zuwa shingen ba, hasali ma shi aka fi ƙwace wa alewa, yanzu kuma shi kaɗai ne ba shi da bindiga a layin don ba shi da aboki a bayan katanga. Ta ce hukunta wanda bai yi laifi ba take hakkin ɗan Adam ne. Na ce to hakkin akuya fa? Ta ce an sako akuyar tun shekaranjiya, bayan ta cinye hular kwamanda. Gaskiya ta faɗa. Na janye takunkumin bisa sharaɗin a kwance igiya a share wa Hajiya Ladi ƙofar gida.

Na ɗauka na gama da wannan kalma ke nan. Ashe babbar tana tafe.

Aiki mafi girma da na taɓa samu, Alhaji Mamman ne ya kawo shi. Mutumin Maraɗi ne a Nijar, mai jiki, mai yawan dariya, da atamfa yake sayarwa kafin ya faɗa harkar fim. Duk abin da ka faɗa masa sai ya ce dakor, wato ya yarda, ko da bai yarda ba. Ya ce fim ɗin yaƙi zai yi wanda ba a taɓa yin irinsa ba, runduna biyu, kowane soja da bindigarsa, dogaye da gajeru, har da wata babba mai ƙafafu. Na sayo malaina har ta toshe min ƙofa. Na yi ta sassaƙa ba ji ba gani, na fenta, na jera su a rana, masu keke suna rage gudu suna leƙe.

Ina shafa wa ta ƙarshe jan baki ke nan Malam Audu ya ƙaro muryar rediyo. Sojoji sun karɓi mulki a Nijar. Kafin mu gama jajantawa, gwamnatinmu da ta maƙwabta sun rufe iyaka, an yanke musu wutar lantarki, an ce ko allura kada ta tsallaka sai sojojin sun sauka. Na tambayi Malam Audu mene ne haɗin wannan da malainata. Ya ce in tuna yaron nan mai majina, yanzu ni ne shi.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Damina ta kankama, rumfa tana yoyo, dole na kwashe bindigogin zuwa gida. Ƙarƙashin gado bindiga, bayan ƙofa bindiga, madafa bindiga. Matata Hajara ta je ɗauko taɓarya ta ɗauko mai dogon hanci. Da aka yi sunan jikata, wasu baƙi mata suka shiga ɗaki ajiye mayafi, suka hango gindin bindigogi a jere a ƙarƙashin gado, suka fito suka ce sun tuna sun bar miya a wuta. Ko shinkafa ba su taɓa ba. Hajara ta ce in zaɓa, ko ita ko rundunar.

Alhaji Mamman kuma wayarsa kullum a kashe saboda ba wutar caji. In ya samu ya kira, sai ya ce sojojinsa suna zaune suna cinye masa shinkafa, sun yi teɓa, kakin da aka ɗinka musu ya daina shiga. Wani kiran kuma ba dariya a cikinsa. Ya ce maganin hawan jinin mahaifiyarsa ya yanke a garin, motocin albasa suna ruɓewa a bakin iyaka, kuma shi bai san ko sojan mulki ɗaya da ya kwana da yunwa ba.

Sai ga Ilu direba, wanda ke kai citta da masara kasuwannin da ke gaba da Katsina. Ya ce akwai wani ƙauye a ɓangarenmu, dab da iyaka, inda ɗan'uwan Alhaji yake zaune, me zai hana a kai kayan can a ajiye har hanya ta buɗe. Alhaji ya ce dakor. Hajara ta ce ita za ta taya ɗauri. Muka zuba su a buhuna, na sa bakinsu ƙasa don kada bututun ya huda buhu, muka ɗora a kan citta, na shiga gaban mota.

Da hantsi muka iso wani shinge bayan Katsina. Wani matashin jami'i ya hau motar yana soka ƙarfe a buhuna. Ya soka a citta ya wuce, ya soka a nawa ya ji ƙwas. Ya kwance bakin buhun, ya ga gindin bindigogi baƙi ƙirin a jere, jan bakin duk yana ƙasa. Ihun da yaron nan ya yi, na tabbata an ji shi a Maraɗi. Kafin ka ce kwabo kowa ya kwanta a ƙasa. Mai fura ta bar ƙwaryarta ta ranta a na kare. Ilu da ya ce ya san hanya ya nuna ya santa, don ta cikin gonar gero ya bi. Ni kaɗai na rage a tsaye, ba don jarumta ba, gwiwata ce ba ta kwanciyar gaggawa.

Ogan shingen wani gajere ne mai gashin baki. Tun kafin ya leƙa buhun ya riga ya buga wa manyansa waya cewa ya yi babban kamu. Ya zaunar da ni a benci, wayar tana kunnensa.

"Baba, ka san hukuncin mai fitar da makamai zuwa ƙasar da aka sa wa takunkumi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba makamai ba ne."

"Ƙirar ina ce?"

"Malaina ce, ranka ya daɗe."

Ya juya ya ce wa na cikin wayar an tabbatar, ƙirar ƙasar Malaina ce. Na ji na cikin wayar yana tambaya a wace nahiya take.

Na roƙe shi don Allah ya ɗaga guda ɗaya. Ya sa aka ja da baya, ya gyara tsayuwa, ya kama gindin wata doguwa da hannu biyu ya fizgo da ƙarfin da ake ɗaga ƙarfe. Malaina kuwa ba nauyi. Ta taho sama ta tuɓe masa hula, jan bakinta ya tsaya a gaban hancinsa. Waɗanda ke kwance suka fara tashi suna kakkaɓe riga, kowa yana yi kamar dama wani abu ya faɗi yake nema.

Na ɗauka an gama, ashe an fara. Oga ya zauna kusa da ni yana share gumi, ya ce in makami ne, gidan yari zan tafi, in kuma katako ne, shi ma an hana fitar da shi, don haka duk inda na juya akwai laifi. Na ce ai ba tsallakawa zan yi ba, a ƙauyen gaba zan ajiye. Ya ce wannan ƙauyen in zakara ya yi cara a cikinsa ƙasa biyu yake tayarwa daga barci. Abin da ya fi damunsa shi ne manya suna hanya da mai ɗaukar hoto. Har ya tambaye ni a hankali ko a cikin buhunan akwai ko guda ɗaya ta gaske. Na ba shi haƙuri na ce babu.

Bayan azahar babbarsu ta iso, wata mace mai tabarau wadda kowa ke ƙamewa in ta wuce. Ta sa aka zazzage buhunan a ƙasa. Ta ɗauki ɗaya ta ja kunamar, ta leƙa bututun, ta ce wannan ai lema ce. Ta yi dariya har ta cire tabarau, ta ce wa mai hoto ya mai da kayansa mota. Don a cire shakka ta sa mai shayin shingen ya jefa guda a murhunsa. Bindigar ta kama ci bal-bal, ya dafa shayi da ita, aka miƙo min kofi. Ban taɓa shan shayi mai ɗaci irin wannan ba, ga shi kuwa an cika sukari.

Sannan ta daina dariya ta ce, "Baba, ka gode wa Allah yaron nan ihu ya yi, bai harba ba. Ba zan bar su su wuce ba, ba kuma zan bar ka ka koma da su ba. Shinge nawa ne tsakaninka da Zariya? Ba kowane ne zai tsaya ya ɗaga ya ji nauyi ba."

Na duba aikin damina guda zube a ƙasa, na duba matashin nan da ya yi ihun, na ce ta yi gaskiya. Aka kwashe su aka kai wani ɗaki aka kulle. Ana sallamata sai ga Ilu ya fito daga gero, wandonsa duk ƙarangiya, ya ce taimako ya je nema.

Sauran shekarar da gyaran ƙofa da akurkin kaji na ƙarasa ta. Hajara ta samu ɗakinta, ni na samu suna. Har yau in na wuce teburin Malam Audu sai wani ya ƙame ya ce ga jakadan ƙasar Malaina.

Da aka buɗe iyaka, ran nan sai ga Alhaji Mamman ya sauko daga keke mai ƙafa uku, ya rame amma dariyar tana nan. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya ce ai fim ya fito tuni. Da ya ga ba bindiga, sai ya sauya labarin. Runduna biyu suka iso fagen fama, kowace tana jiran motar makamanta. Mota ba ta zo ba. Suka yi ta jira, suna harara, sannan wani ya tsallaka aron ashana, wani ya fito da dara, daga ƙarshe tukunya ɗaya suke ci, har fim ya ƙare mota ba ta iso ba. Ya ce mutane sun yi ta kallo suna dariya har da hawaye, don a shekarar nan ba gidan da ba a jiran wata mota. Mahaifiyarsa ma, da Allah ya sa ta ga bayan wahalar, ta ce shi ne fim ɗinsa na farko mai hankali.

Yanzu kashi na biyu zai yi, taron sulhu tsakanin rundunonin. Ba ya son bindiga ko ɗaya. Dogon tebur yake so da kujeru na alfarma, masu hannu, masu nauyi, irin waɗanda manya ke zama a kai su yanke wa talakawa hukunci. Na zage na yi masa kujerun da ko ni sai na yi nishi nake ɗaga ɗaya. Suka tsallaka iyaka lafiya lau, ba wanda ya ko kalle su.

Ba a jima ba ya kira ni, ina jin hayaniya a bayansa. Ashe ranar ɗaukar taron sulhun, janar-janar ɗin biyu suka yi gardama a kan wanda zai zauna a kujerar shugaban taro, gardamar da ba ta cikin labari. Wannan ya ce shi ne babban jarumi, wancan ya ce shi ya fi gashin baki. Sojojin kowa suka goyi bayan nasu. Wani ya ɗaga kujerata. An yi wa janar ɗaya ɗinki a goshi, ɗayan ya rasa haƙori, mai ɗaukar hoto yana ƙarƙashin tebur bai kashe na'ura ba.

Na ce Allah ya kiyaye gaba, sai in yi masa wasu kujerun marasa nauyi.

Ya ce, "A'a, Malam Garba. Ka koma yi min bindiga. Sulhun nan zai kashe min mutane."